Ƙauyen Ailan ya ishe ni: in kwashe yara in koma Kanada?

Assalamu alaikum Anti. Asalina 'yar Zariya ce, amma tun ina ƙarama iyayena suka koma da mu Kanada. A Mississauga na girma, can na yi karatu, can nake aikin akanta kafin mu taso. Bara waccan maigidana, wanda likita ne, ya samu aiki a wani asibiti a yammacin Ailan, a yankin Mayo. Ba mu samu gidan haya a cikin gari ba, sai wani tsohon gida a tsakiyar gonaki, inda tumaki suka fi mutane yawa. Motarmu ɗaya, shi yake fita da ita, ni kuma ina tsoron tuƙin nan. Yaranmu biyu, mai shekara shida da mai shekara uku. Gidan kullum cikin danshi, bango ya yi baƙi, sanyin ya fi na Kanada shiga ƙashi. Maƙwabta na da fara'a, suna ɗaga min hannu, suna cewa in leƙo wata rana mu sha shayi, amma babu wadda ta taɓa sa min rana. Sai in yini ban yi magana da babba ba. In na yi ƙorafi, maigidana ya ce in yi haƙuri in gode wa Allah. Ina tunanin in kwashe yara mu koma wurin iyayena, shi ya riƙa zuwa yana ganinmu. Anti, rashin godiya ne ke damuna?

Maman yara biyu, daga Mayo

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba rashin godiya ba ne. Macen da ta saba fita aiki kullum, ta saba da iyayenta a kusa, aka ajiye ta a gida mai danshi babu mota babu abokin hira, in ba ta ƙosa ba ma sai a ce da wata a ƙasa. Godiya ga Allah da faɗar abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya ba sa karo da juna, kuma zan zo kan maigidan naki a gaba. Amma ba zan ce miki ki koma ba, ba kuma zan ce ki zauna ba. Abin da zan ce shi ne har yanzu ba ki zauna a ƙauyen nan ba tukuna, a cikin gida kika zauna. Hukuncin da za ki yanke a wannan hali hukunci ne a kan bango huɗu, kuma ba adalci ba ne gare ki ko ga yaran.

Mu fara da mota, domin duk sauran abin da zan faɗa a kanta ya rataya. Ƙauyen Ailan ba irin wanda gidaje ke manne da juna ba ne. Gida nan, gona, wani gidan can, shago da makaranta da coci kuma a wata mararraba mai nisa. Akwai motocin haya na karkara da ake kira Local Link, ki nemi jadawalin yankinku, wasu ma kan biyo har ƙofar gida in an yi musu waya tun da wuri, amma ba za su riƙe miki rayuwa ba. Sa'arki ɗaya, Ontario, lardin da Mississauga take, na cikin lardunan Kanada da Ailan ke musanya lasisin tuƙi da su, don haka ba sai kin koma ɗaliba ba. Ofishin NDLS ne ke wannan aiki. Ki haɗa takardunki ki miƙa yanzu, kada ki bari lasisin Ontario ya daɗe da mutuwa a jaka. In da mota mai giyar otomatik kika yi gwaji a can, to irinta za ki nema a nan, ƙarama, ta hannu, kada ki ɗora wa kanki koyon giyar hannu a kan koyon hanya. Ki kuma rubuta wa tsohon kamfanin inshorarki na Kanada su aiko miki da shaidar shekarun da kika yi ba ki yi hatsari ba, domin wasu kamfanonin Ailan na dubawa, kuma inshorar sabon zuwa tana da tsada. Tsoron bin hannun hagu kuwa, ki biya malamin tuƙi ya zaga da ke 'yan kwanaki, ya nuna miki shataletale da yadda ake rakuɓewa a ba tarakta hanya a siririn titi mai shinge. Tun watan Fabrairun 2025 aka rage gudu a ƙananan titunan karkara daga kilomita 80 zuwa 60, kuma babu wanda ya ce dole sai kin kai 60 ɗin. Wanda ke bayanki ya jira.

Sai gida. Ba ƙarya jikinki yake miki ba da kika ce sanyin ya fi shiga ƙashi. Sanyin Ontario busasshe ne, gidajen kuma an gina su don shi, kina shiga ki tuɓe rigar sanyi. A Mayo da wuya ma'aunin zafi ya yi ƙasa sosai, amma iskar jiƙe take da ruwan teku, wasu sassan yamma kan samu ruwan sama kwana 225 a shekara, tsofaffin gidaje kuma suna shan wannan laimar. Baƙin da kike gani a bango fumfuna ce, kuma ba ta da kyau ga ƙirjin yara. Ki sayi na'urar tsotse danshi ta lantarki, ki kunna ta a ɗakin da kike shanya, domin kayan wanki da ake bazawa a cikin gida su ne rabin matsalar. Ki buɗe tagogi na ɗan lokaci kowace safiya ko da ana sanyi, ki janye kabad da gado daga jikin bango. Hitar gida, wadda a karkara yawanci da kananzir take aiki, gara a bar ta tana ɗumama kaɗan-kaɗan da a kashe ta yini guda a buɗe ta da ƙarfi da dare. In kin yi duk wannan bango bai daina jiƙa ba, to ginin ne, kuma gyaransa na kan mai gidan hayar. Ki ɗauki hoto, ki rubuta masa a rubuce. Akwai ƙungiyar Threshold da ke ba 'yan haya shawara kyauta, majalisar yankin kuma tana da ikon zuwa ta duba gidajen haya. Tunda kina can lokacin guguwar Éowyn ta 24 ga Janairun 2025, wadda ta ɗauke wa gidaje da gonaki da shaguna sama da 700,000 wuta, ba sai na tuna miki ki ajiye tocila da ruwan sha da ƙaramin risho na gas ba. Ki liƙa lambar Eircode, wato lambar adireshin gidanku, a jikin firij, domin gidajen karkara ba su da lamba a titi, da ita motar asibiti ke gano ƙofa.

Duhu ma yana cikin abin da ke danne ki. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Mayo sai wajen ƙarfe tara saura, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ta faɗi, a tsakani kuma gajimare ne. Hukumomin lafiyar ƙasar suna ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D duk shekara. Ki tambayi likitan unguwa, ba na cikin gida ba. In kuma kin ga barci ya lalace, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa babu dalili har makonni, ki faɗa masa wannan ma ba tare da kunya ba. Matar likita ta fi kowa saurin zama marar likita.

Yanzu ga maƙwabta, inda nake son ki saurare ni da kyau. Kin tafi da tarbiyyar birnin Kanada, inda in ana son ki sai a turo saƙo a ce ranar Asabar ƙarfe uku, a rubuta a kalanda. Kina zaune kina jiran wannan saƙon, ba zai zo ba. Ƙauyen Ailan ya fi kama da ƙauyen kakanninki a ƙasar Zazzau fiye da Mississauga: kowa ya san kowa tun kaka da kakanni, ana tambayar mutum ɗan gidan wa ne kafin a tambayi aikinsa, labari na riga mai shi isa shago, kuma zumunta a ƙafa take. Matar da ta ce ki leƙo ba yaudararki ta yi ba, ba kuma gayyata ta yi ba. Ƙofa ta sassauta, tana kallo ta ga ko za ki tura. Su ma suna da irin kunyarsu, suna tsoron kada su takura wa matar likita mai lulluɓi, ba su san me kike ci ba, ba su san ko za ki shiga gidan da ke da kare ba. Ke kina ganin sun share ki, su suna ganin kin fi son zaman kanki.

Ki tura ƙofar. Ki soya cincin ko ki yi dambun nama, ki ɗauki ƙaramin yaron, ki je da hantsi, ki ce wucewa kike yi. Za a ce ki sha shayi, in kin ce a'a za a sake cewa, domin a can ma a'a ta farko ladabi ce, kin san wannan wasan tun a gida. Ki sha. Kada ki daɗe. Hirar yanayi da za a fara da ita ba ɓata lokaci ba ce, gaisuwa ce, ki iya ta. Abu mafi amfani kuma, ki nemi wani abu a wurinsu: wa ke kawo kananzir da sauƙi, wane makanike ne mai amana, ina ake samun ƙwai na gona. Mutumin karkara ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa yi wa alfarma fiye da wanda bai taɓa buƙatar komai ba. Ɗaga yatsa daga kan sitiyari da direbobi ke yi in an haɗu a hanya, ke ma ki riƙa yi wa kowa, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

Kina kuma riƙe da abin hira guda biyu da ba ki san darajarsu ba. Yammacin Ailan ƙasar 'yan ci-rani ce. Da wuya ki shiga gida a Mayo ba a ce miki akwai ɗa ko jika a Toronto ko Vancouver ko Boston ko Sydney ba. Abin ya daɗe: a 1847, lokacin babbar yunwa, jiragen ruwa sun yi ta sauke Irishawa a tsibirin Grosse Île kusa da Quebec, inda sama da 5,000 ke kwance a kabari. Tsohuwar da ɗanta ke aikin gini a Toronto za ta so ta ji daga bakinki yadda unguwarsa take da yadda ƙanƙara ke yi a can. Na biyu Najeriya. Limaman coci da sistoci 'yan Ailan sun yi shekaru suna koyarwa da jinya a Najeriya, sistocin St Louis sun sauka Kano tun 1948, yau kuma limamai 'yan Najeriya ne ke riƙe da wasu cocin karkarar Ailan. Kada ki yi mamaki in wani dattijo ya ce gwaggonsa ta yi shekara talatin a Jos.

Babbar ƙofa kuwa ita ce mutuwa. Irishawan karkara ba sa wasa da ta'aziyya. Ana sanar da rasuwa a gidan rediyon yanki da shafin RIP.ie, ana binnewa cikin kwana biyu zuwa uku, kafin nan kuma ana zaman makoki a gida ko a ɗakin ajiye gawa, jama'a su yi layi su gaisa da iyalan mamaci ɗaya bayan ɗaya. Ba a gayyata, zuwa ake yi, kuma ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, shekaru ba a manta. Bayan wata guda ma akwai addu'ar da suke sake taruwa a kai. In maƙwabci ya rasu, ko uwar malamar ɗanki, ki sa kaya masu duhu ki je ki bi layi, ki ce kina taya su jimami, ki faɗi gidan da kike. Ba sai kin shiga ibadarsu ba, gaisuwar kawai. Malamai da yawa sun halatta yi wa maƙwabci wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, in zuciyarki na ɗar-ɗar ki tambayi malamin da kika yarda da shi. In ba kya musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki ɗan sunkuyar da kai, za a gane. In kin kai musu abinci gida, kin gama. Na fi ƙarfafa miki wannan a kan duk wata ƙungiya da za ki shiga.

Yara ma hanya ce. Motar makaranta da ke ɗaukar babban ta sauƙaƙa miki, amma ta raba ki da bakin ƙofar makaranta, inda iyaye mata ke haɗuwa. Da kin samu mota, ki riƙa ɗauko shi da kanki wasu ranaku. Ki sa shi a kulob ɗin GAA na yankinku, wato ƙungiyar wasannin gargajiya na Ailan. Ƙungiyar nan tun 1884 take, kusan kowane yanki na da filinsa, kuma a Mayo ƙwallon Gaelic ta wuce wasa: rabon yankin da kofin ƙasa na manya tun 1951, sun sha zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, ki koyi jajanta wannan kawai ki ga yadda fuska za ta sake. A gefen fili cikin yayyafi ake ƙulla ƙawance, kuma kullum ana neman wanda zai riƙe asusu. Ke akanta ce. Kulob, kwamitin iyaye, masu gyaran gari na gasar Tidy Towns, duk ba sa samun mai son wannan aikin. Ƙaramin kuwa ya isa shiga shirin ECCE, makarantar share fage ta gwamnati, wanda ke karɓar yaro daga shekara biyu da wata takwas, awa uku a rana, kwana biyar a mako, kyauta. In bai shiga ba, gobe ki fara neman gurbi. Awa ukun nan naki ne.

Kusan kashi tara cikin goma na makarantun firamare a Ailan a ƙarƙashin cocin Katolika suke, a karkara kuma da wuya ki samu zaɓi. Tsarin mulkin ƙasar ya ba ki 'yancin cire ɗanki daga darasin addini. Ki je ki zauna da shugaban makarantar cikin mutunci, ki tambayi abin da yaron zai riƙa yi a wannan lokacin, musamman a aji biyu da ake shirya yara don bikin karɓar jibi na farko a coci. Don naman halal da Juma'a da ganin fuskokin Musulmi, Mayo ba ta bar ki a baya ba: a Ballyhaunis akwai masallaci tun 1987, wanda ya samo asali daga masana'antar naman halal da aka kafa a garin. A asibitin maigidanki kuma ba za a rasa likitoci 'yan Sudan da Pakistan da Najeriya ba, matan wasunsu na zaune a gida irin zamanki. Aikinsa ne ya haɗa ku.

Ba zan ɓoye miki ba, ko kin yi duk wannan ba za ki zama 'yar gari ba. Mutumin Dublin ma da ya shekara ashirin a can baƙo ake ce masa. Akwai kuma waɗanda ba za su so ki ba saboda fatarki ko ɗankwalinki, 'yan shekarun nan an ga zanga-zangar ƙin baƙi a wasu garuruwan ƙasar. In wani ya ci zarafinki ko na yaranki, ki kai ƙara wurin 'yan sandan Garda, kada ki haɗiye. Abin da ake nema bai wuce mata biyu ko uku da za ki iya kira in yaro ya yi zazzaɓi da dare maigida yana bakin aiki.

To, maigida. "Ki yi haƙuri" magana ce mai kyau, amma wanda ya fita da mota ɗaya tilo da asuba ya yini cikin mutane ba shi ne zai riƙa faɗarta kyauta ba. Na san aikin asibiti na cinye mutum, wataƙila shi ma a gajiye yake, yana jin ƙorafinki kamar tuhuma ce a kan shi ya kawo ku. Don haka kada ki tare shi a bakin ƙofa yana dawowa daga kwanan aiki. Ki bari ranar hutunsa, yara sun yi barci, ki zo masa da buƙatu masu suna: mota ta biyu, gyaran gida ko barinsa, yini ɗaya a mako da zai riƙe yara ki fita, da tikitin zuwa Toronto lokacin dogon hutun makaranta na Yuli da Agusta, tunda akwai jirgi kai tsaye daga Dublin. Ki ce masa kina son komawa aiki. Ki duba hatimin da ke kan katin zamanki, matan masu izinin aiki irin nasa galibi suna da Stamp 1G, wanda ke ba da damar yin aiki ba tare da neman wani izini ba. In aikin intanet kika samu, akwai ofisoshin haya na Connected Hubs a ƙananan garuruwa, inda za ki zauna cikin mutane maimakon teburin kicin.

Tsakanin wannan gidan da Mississauga akwai zaɓi na uku da ba ki ambata ba: ku koma cikin gari. Castlebar, Westport ko Ballina ba birane ba ne, amma akwai laburare, wurin ninƙaya, shaguna da titin da za ki tura keken yaro. Gidan haya na wuya, shi ya sa za ku fara nema tun yanzu, ku kuma faɗa wa kowa kuna nema, domin a can gida kan fito ta bakin mutane kafin a sa shi a intanet. In yana cikin likitocin da ake sauya wa asibiti a Janairu da Yuli, ku zauna tare ku zaɓi inda zai nema na gaba, kada ki sake jin labari bayan an gama.

Maganar kwashe yara kuma, ki yi hattara. Ailan da Kanada duk sun sa hannu a yarjejeniyar Hague ta 1980 kan ɗauke yara zuwa wata ƙasa. Yaran da suka zauna a Ailan suna makaranta, in kika tafi da su ba da yardar mahaifinsu ba, kotu na iya umartar a mayar da su, ko da fasfon Kanada ne a hannunsu. In tafiyar ce ta zama dole, sai da yardarsa, a rubuce, iyayenki da nasa sun sani.

Ku sa wa'adi ku biyu: ƙarshen watan Yuni, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, makaranta ta tashi, mota na hannunki, kin ga yadda ƙauyen yake in ana fita. In a lokacin har yanzu zuciyarki na Kanada, sai ku yi maganar komawa gaba ɗayanku, shi ma ya fara bin hanyar samun lasisin aikin likita a Ontario, wadda doguwa ce, gara a fara tambaya da wuri. Ki gaishe min da yaran, ki kuma sake rubuto min bayan kin kai cincin ɗin.